Haƙoran Tagulla daga Kwatano

Shekara guda ke nan da dawowata daga Kwatano, amma har yau in na zauna a shagona na gyaran rediyo a Ƙofar Ruwa sai wani ya ce, "Malam Ado, wai yaya teku take?" Nakan ba su labarin teku da dogon burodi da mata masu tuƙa babur, a yi dariya a watse. Ragowar nakan haɗiye ta. Yau na ga gara in faɗe shi duka sau ɗaya, ko na huta da tambaya.

Abin da ya kai ni ba fatauci ba ne, tankar wasa ce. Wana, Yaya Sabo, makanikin tankokin yaƙi ne a soja, mai muƙamin saje, har ranar da wani ƙarfe ya suɓuce ya faɗo masa a gadon baya. Aka sallame shi, ya dawo gidanmu na gado a Dukawuya ƙafafunsa biyu a shanye. Cikin kayansa akwai wata 'yar tanka da ya sayo sa'ad da aka tura su aiki ƙasar waje. Tsawonta bai wuce kamu biyu ba, tana da sarƙa hagu da dama, ana tuƙa ta daga nesa da wani akwati mai eriya da sanduna biyu.

Gidanmu irin na da ne, soro uku, lungu a karkace, keken guragu ba ya wucewa. Ɗakin Yaya yana can ciki wajen iyali, inda baƙi maza ba sa shiga, shi kuma ya tsani a gan shi a kwance. Abokansa kuwa, su Malam Ɗanlami tela, a zaure suke majalisa. Saboda haka kullum bayan la'asar sai in durƙusa a bakin gadonsa in ba shi baya, ya riƙe wuyana, in goya shi har zaure, in dawo da shi bayan magariba. Bai yarda da bayan kowa ba sai nawa. Da safe kuma, ina shago, tankar ce take zuwa a madadinsa. Ya ɗaure mata murfin kwano a ka, ya zuba goro, ya tuƙo ta daga kan gado ba tare da yana ganinta ba, don ya san lungun gidan kamar yunwar cikinsa. In ta kusa sai ka ji Malam Ɗanlami yana ɗaga murya, "Hagu, Saje. Hagu kaɗan. To, miƙe." Su kwashe goro, su sa masa 'yar takarda ta tsokana, ta koma.

Damina ta yi mana ɓarna, ruwa ya shiga har tsakar gida, sai na sa aka ɗaga dokin ƙofar soron tsakiya da siminti. Na jingina katako don tankar ta hau, amma wurin ya matse, katakon ya yi tsaye da yawa. Takan kai rabi ta tsaya tana kuka. Ni da nake ji da kaina, Yaya ma Injiniya yake ce mini don zolaya, sai na cire batirinta na haɗa mata na babur. Ta zabura kamar an tsikare ta, ta kai tsakiyar katakon, muka ji ƙarar wani abu ya tsage. Da muka buɗe giyabos ɗin, wato akwatin da ke kai juyin inji zuwa sarƙa, sai muka tarar haƙoran roba ne a ciki, sun zube kamar an ɓare masara. Yaya ya dube su ya dube ni, ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya."

Akwai wani abu da ya faru a makon nan wanda ban ɗauke shi komai ba. Wata yamma na sauke shi a gado, na fito tsakar gida, matata Rabi tana shafa mini man zafi a ƙugu. Na ce mata, "Bayan nan nawa ya kusa ƙarewa. Shekara huɗu fa." Ban faɗa da ƙarfi ba, kuma ban tuna tagar ɗakinsa a buɗe take ba.

Na zaga Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, ba mai irin haƙoran. Wani ɗan gwanjo ya ce a Kwatano, kusa da tashar jiragen ruwa, akwai wani tsoho Baba Kosi, mai gyaran agogon jirgi, wanda yake yanka haƙoran ƙarfe da hannunsa. Na faɗa wa Yaya a matsayin hira, shi kuwa ya riƙe maganar gam.

"Ka je," ya ce.

"Saboda abin wasa, Yaya? Wa zai riƙa fitar da kai?"

"Zaure ba zai gudu ba. Ka je."

Ya ba ni wata ambulan a manne, ya ce in miƙa wa mai gyaran. Na sa tankar a kwalin madara na ɗaure da igiya.

Na hau doguwar bas ta Ikko kwana kaɗan kafin soja su miƙa mulki ga farar hula, ba abin da ake yi a cikinta sai gardamar za su miƙa ko ba za su miƙa ba. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Talatu, mai saro atamfa, wadda ta san hanyar Kwatano fiye da hanyar gidan surukanta. Da ta ji abin da ke cikin kwalina sai ta yi salati, ta ce ta ga masu zuwa saro gishiri, ta ga masu zuwa neman magani, amma ba ta taɓa ganin wanda ya kai abin wasa asibiti ba. Daga nan ta mai da ni ɗan riƙonta. Ta ba ni dambun nama, ta hana ni sayen komai a Jebba, ta ce cikin Bakano ba ya jure man ja a rana ta farko.

Da hantsi, bayan mun wuce Badun, aka tsayar da mu a wani shinge na ganguna da katako mai ƙusoshi. Wani soja ya sa aka sauke kaya. Da ya kwance kwalina sai ya ƙura wa tankar ido. Ɗan Arewa ne, Hausarsa ta bariki. Ya ɗaga tankar, ya juya sarƙar da yatsa, ya ji ba ta kama komai.

"Giya ya mutu," ya ce. "Na wane ne?"

Na ba shi labarin Yaya a taƙaice. Ya mayar da ita da kansa, ya ɗaure igiyar ɗauri mai kyau wanda ya fi nawa.

"Mu ma an ce sati mai zuwa mu koma bariki," ya ce. "Ka gaida oga. Ka ce wani ƙaramin yaro ya sara masa."

Ikko ban gan ta ba, na dai ji ta a kunne da hanci. Hajiya ta ja ni daga wannan mota zuwa waccan har muka isa iyaka a Seme. A ɓangarenmu aka duba takardu da katin allura, aka wuce da mu. A ɓangarensu wani mai kaki ya ce bai yarda abin wasa ba ne sai ya ga yana aiki. Na haɗa batir a kan teburinsa, na tura sandunan. Injinan suka yi ta ƙugi, tankar ko motsi. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya kira abokansa, ya faɗi wani abu da Faransanci. Hajiya ta ce, "Wai haka tankokin ƙasarku suka koma yanzu, sai ƙara ba tafiya." Na yi yaƙe, don ni na san wanda ya mai da ita haka.

Da muka isa Kwatano, Hajiya ta damƙa ni a Zango, unguwar Hausawa, hannun wani mai masauki Alhaji Mamman. Kakansa daga Dala ya zo da fataucin goro, shi kuwa bai taɓa taka Kano ba. Tambayarsa ta farko ita ce wai da gaske daga kan dutsen Dala ana hango Katsina. Na ce in gari ya yi haske ana hango hanyarta. Ban ga amfanin rushe wa dattijo dutsen kakansa ba.

Mu bakwai ne a ɗakin, kowa da tabarmarsa da buhunsa a matsayin matashi. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, ka wanke riga yau, jibi ma da danshinta. Sauron kuwa ba ya jiran a kashe fitila. Da safe ana kawo burodi dogo kamar sanda, mai ɓawo, wanda ya fasa mini dasashi a cizon farko, da kofi a cikin kwano. Da rana akasa ce, wani abu kamar agidi mai tsami, da miyar kifi mai barkono. Kwana biyu ina kallonta tana kallona, a na uku yunwa ta sasanta mu.

Abubuwan mamaki suna da yawa. 'Yan acaɓarsu duk riga ruwan ɗorawa suke sawa. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi kamar man gyaɗa. Kasuwa ta mata ce, su ne masu shago, maza na ɗaukar musu kaya. Da rana tsaka kowa ya rufe ya tafi barci, ko da mai saye yana tsaye. Gaisuwarsu gajeriya ce, kafin ka tambayi iyali mutum ya yi nisa. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne gidajensu. Ba zaure, ba lungu, daga titi sai tsakar gida. Na ga wani gurgu ya turo kekensa daga ɗaki har bakin titi ba wanda ya taɓa shi. Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Teku kuma, tunda ita kuke tambaya, ruwa ne mai yawa da ba ya zama wuri ɗaya. Na tsoma ƙafa, ta tafi da silifas ɗina ɗaya.

Alhaji Mamman ne ya raka ni wurin Baba Kosi. Tsoho ne siriri, Kirista, da gilashi ɗaure a ido ɗaya, yana jin Hausar da ya tsinta wurin maƙwabtansa 'yan Zango. Shagonsa cike yake da agogo, kowanne da lokacinsa. Ya buɗe giyabos ɗin, ya zazzage garin roba a tafin hannu, ya dubi batirin babur ɗin.

"Wa ya sa wannan?"

Na ce ni ne.

"Kai me kake so, gudu ko ƙarfi?"

"Ƙarfi, Baba."

"To gudu ka ba ta." Ya ɗauko faifai biyu masu haƙora, ƙarami da babba, ya haɗa su yana juyawa. "Ƙarami a jikin inji, babba a wajen sarƙa. Ƙarami ya juya sau da yawa, babba ya juya sau ɗaya, amma wannan ɗayan ba mai tsayar da shi. Ka taɓa ɗaukar kaya mai nauyi?"

Na ce na taɓa.

"Da gudu kake tafiya?"

Na ce a'a, taku nake ragewa.

"To ita ma haka."

Ya ce zai yanka sababbin haƙora na tagulla, ya ƙara mata hawa ɗaya na faifai don ta ƙara raguwa, ya sa sandunan ƙarfe a madadin na roba, ya canza injinan biyu da na tsofaffin na'urorin huda katako masu batir. Sarƙar kuma zai liƙa mata yankan roba na tayar keke don ta kama katako.

Sai na tuna da ambulan. Ya buɗe, zane ne irin na makanikai, tsaf-tsaf: tsayin dokin ƙofa, tsawon katako, nauyin goro da butar shayi ƙarama. Baba Kosi ya jinjina kai, ya ce wannan ya san aiki. A ƙasa akwai layi biyu da Turanci, shi kuma Faransanci ya iya, sai ya miƙo mini. Na karanta musu ina fassarawa. Yaya ya rubuta cewa a yi ta da ƙwari, don za ta riƙa tafiya safe da yamma, kullum, ba hutu.

Safe na sani. Yamma kuwa tawa ce. Na sake karantawa a zuci, na ninke takardar na sa a aljihu.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kwana shida na yi ina zuwa shagon nan ina kallon tsohon yana yanka haƙori ɗaya bayan ɗaya, yana hurewa, yana gogawa. A cikin kwanakin ne muka taru gaban rediyon Alhaji Mamman muka ji an rantsar da farar hula, 'yan ɗakinmu suna ta murna. Ni ba can hankalina yake ba. Na lura ina tashi da safe bayana ba ya ciwo. In an yi la'asar jikina yakan zabura da kansa, sai in tuna ba inda za ni, in koma in zauna. Kuma daɗi nake ji. Da na tuna layin nan na takarda, maimakon in tsorata, sai wani sashe na zuciyata ya ce, to, in Yaya ya ɗan rage fita wata ran, ai ba laifi. Allah ya yafe mini, haka na ce.

Ranar da aka gama, Baba Kosi ya jingina katako a kan akwati daidai awon da Yaya ya zana, ya ɗora wa tankar guduma. Ta tafi a hankali kamar tsohuwa mai zuwa gaisuwar mutuwa, ta hau, ba ta ko yi tari ba. Ya ce, "Waɗannan haƙora za su fi ni daɗewa, za su fi ka."

Dawowa ba ta da labari. A wurin shingen nan na bayan Badun gangunan suna nan a gefen titi, ba kowa. Na so in gaya wa sojan an gyara giyar.

Na iso Dukawuya da azahar, kwana goma sha biyu da tafiyata. Malam Ɗanlami ya tare ni a zaure, ya ce tun da na tafi ba su sa Saje a ido ba. Sun ce za su kama shi su biyu su fito da shi, ya aiko musu cewa shi ba buhun gero ba ne.

Na same shi ya rame kaɗan. Na isar masa da gaisuwar sojan, ya yi murmushi. Ya buɗe giyabos ɗin, ya daɗe yana shafa tagullar da babban yatsa, ya ce, "Wannan tsoho ya sha nonon uwarsa." Aka zuba goro, ya kama sandunan. Na bi ta a baya har soron tsakiya. Ta taka katakon, ta hau, ta sauka. Daga zaure na ji Malam Ɗanlami yana cewa, "Hagu, Saje."

Da aka yi la'asar na shiga ɗakinsa, na durƙusa a bakin gado na ba shi baya kamar kullum. Na jira hannuwansa a wuyana, ban ji su ba.

"Hau mana, Yaya."

"Tashi, Injiniya," ya ce, a hankali, ba fushi a ciki. "Ka huta da bayanka. Shekara huɗu fa."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Na rantse masa, na ce maganar gajiya ce, bakina ne ya yi zamiya. Ya ce ya sani, kuma ban yi ƙarya ba, shi ya sa. Ya ce ya fi kowa sanin abin da nauyi yake yi wa gadon baya, ba zai bari gida ɗaya ya yi gurgu biyu ba. Sannan ya ce in matsa, na tare wa tanka hanya.

Na roƙe shi washegari, na roƙe shi jibi. Na turo Rabi, na turo matarsa, na turo limamin unguwa. Kowa sai ya yi masa wasa da dariya ya sallame shi. Wata ran da ya yi barcin rana na zare waya ɗaya a cikin tankar, don in ta ƙi tashi ya nemi bayana. Ya kira ni, ya buɗe ta a gabana, ya nuna wurin da yatsa bai ko duba sau biyu ba. Ya ce, "Mayar." Na mayar.

Wata bakwai tankar tana zuwa zaure safe da yamma, da goro, da shayi, da 'yan takardu. Abokansa sukan shiga su gaishe shi jefi-jefi, mata su kauce, a yi minti biyar a tsaitsaye. Amma majalisa bai sake zama ba, bai sake ganin titi ba. Ranar da ya ƙetare dokin ƙofar nan, mu huɗu ne muka ɗauke shi a makara, ni ina gaba ta dama. Bai yi nauyin komai ba.

Tankar tana kan kanta a shagona, masu zuwa gyara sukan tambaya ko ta sayarwa ce. Kwanan baya na buɗe ta na duba. Baba Kosi bai yi ƙarya ba, ko haƙori ɗaya bai ci ba. Masu tambayata jiki kuma, na gode, bayana ya warke sarai.